Lu'au: Walimar Mutanen Hawai'i da Haƙƙin da Ke Kan Baƙo

[Kiɗan buɗe shiri]

 

Yau tafiya ce mai nisa a gabanmu. Za mu je inda agogonsu yake bayan namu da awa 11. A daidai lokacin da ladan yake kiran sallar Asuba a Kano ko Damagaram, su can ranar jiya ce take shirin faɗuwa cikin teku. Sunan wurin Hawai'i, tarin tsibirai ne a tsakiyar tekun Fasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kalifoniya. Manyan tsibiransa takwas ne, babban birninsa Honolulu, kuma tun 1959 ya zama jiha ta 50 a ƙasar Amurka.

Ku lura da yadda na faɗi sunan: Hawai'i, da 'yar tsayawar nan a maƙogwaro, irin wadda muke yi idan muka ce sa'a ko jama'a. Harshensu yana da wannan harafi kamar namu, suna kiransa okina. Saboda haka bakin Bahaushe ba zai sha wahalar faɗin sunan walimar da za mu halarta yau ba, wato lu'au.

A shekarar 2019 kaɗai, baƙi sama da miliyan 10 suka ziyarci Hawai'i, alhali mazauna jihar ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Da yawa daga cikin baƙin nan sukan yanki tikiti, wanda kuɗinsa kan haura dala 100 ga babban mutum, su je su ci abincin dare a bakin teku, su kalli raye-raye, su ɗauki hoto, su koma masauki. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, tikitin nan wurin zama kawai yake saya wa mutum. Abincin da ke cikin faranti da rawar da ke kan dandamali gadon wata al'umma ne da ya kusa salwanta, sai da 'ya'yanta suka tashi tsaye suka ceto shi. Wanda ya san haka, zamansa a wurin zai bambanta da na wanda bai sani ba.

To, su wane ne masu gidan?

Mutanen Hawai'i reshe ne na al'ummar Folinesiya. Idan ka ɗauki taswira ka ja layi daga Hawai'i a arewa zuwa Niyu Zilan a kudu maso yamma, daga nan zuwa tsibirin Rapa Nui a kudu maso gabas, ka dawo Hawai'i, to ka zana yankinsu mai kusurwa uku. A cikinsa akwai Samowa da Tonga da Tahiti. Kakanninsu sun ratsa wannan teku a cikin tagwayen kwalekwale, babu taswira, babu na'ura, sai karatun taurari da igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. A cikin kwalekwalen suka ɗauko gwaza da ayaba da kwakwa da rake da dankali, da kaji da aladu da karnuka. Akwai lokacin da wasu masana suka yi ta cewa iska ce kawai ta koro su bisa tsautsayi. A 1976 'yan Hawai'i suka ba da amsa a aikace: suka ɗauki kwalekwale irin na kakanninsu mai suna Hokule'a, wani gwanin teku daga tsibirin Satawal, Mau Piailug, ya ja ragamarsa daga Hawai'i har Tahiti ba tare da na'ura ko ɗaya ba. Ku riƙe wannan a rai, domin yawancin abin da za a zuba muku a faranti, a cikin irin wannan kwalekwale asalinsa ya iso.

Yanzu mai sauraro, mu ɗauka kai ne baƙon. La'asar ta yi sanyi, ka iso ƙofar filin. Abu na farko da zai doki kunnenka shi ne busar pu, wata ƙatuwar katantanwar teku da saurayi yake hurawa, sautinta mai kauri kamar na ƙaho. Da ita ake shelar buɗe taro tun zamanin sarakunansu. Daga nan wani ko wata za ta tare ka da kalmar aloha, ta rataya maka lei a wuya. Lei sarƙa ce ta furanni, ko ta ganye, ko ta 'ya'yan itace, ko ta ƙananan katantanwa. Kyauta ce ta girmamawa, kuma tana da ladabinta. Ba a ƙin karɓa, ba a cirewa a gaban wanda ya ba ka, ba a jefarwa cikin shara idan an tashi. Akan rataye ta a bishiya ko a mayar da furannin ga ƙasa. Mace mai juna biyu kuwa akan ba ta wadda ba a ƙulle bakinta ba. Idan kai ko iyalinka ba ku son wanda ba muharrami ba ya matso jikinku, babu laifi ka miƙa hannu biyu ka karɓa, ka rataya da kanka, ka ce mahalo, wato na gode. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan magana tana aiki a kan baƙo kamar yadda take aiki a kan mai gida.

Kafin rana ta faɗi, za a kira ku zuwa wani gefe na filin, inda za ka ga tudun ƙasa yana ɗan fitar da tururi. Wannan shi ne imu, murhun rami. Tun da sassafe, wani lokaci tun daren jiya, aka haƙa rami aka cika shi da itace, aka jera duwatsun aman wuta a kai. Irin waɗannan duwatsu ake zaɓa saboda suna da ƙofofi, suna riƙe zafi ba tare da sun fashe ba. Idan itacen ya cinye, duwatsun sun yi jajir, sai a shimfiɗa dakakkiyar gangar ayaba a kansu, wadda ruwanta ne zai zama tururin dahuwa. A kan wannan ake ɗora naman, a cusa wasu duwatsu masu zafi a cikin cikinsa, a lulluɓe da ganyen ayaba da ganyen wata shuka da suke kira ti, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, sannan a bi da ƙasa har sai babu inda tururi yake tsira. A haka zai yi awa shida, takwas, ko fiye.

Yanzu ga samari biyu sun zo da shebur. Suna kwashe ƙasar a hankali don kada ta zuba cikin abincin. Suna yaye buhunan ɗaya bayan ɗaya. Da sun ɗaga ganyen ƙarshe, tururi zai turnuƙe wurin, ƙamshin hayaƙi da dafaffen ganye ya cika hanci. Naman ya yi laushin da ba ya bukatar wuƙa, da kansa yake sakin ƙashi. Wannan dahuwa ita suke kira kalua. A yawancin lu'au, dabbar da ke cikin ramin alade ce, kuma za mu dawo kan abin da wannan yake nufi ga baƙo Musulmi. Amma a cikin imu ana dafa kaza da kifi da dankali da gwaza.

Daga bakin ramin za a wuce wurin cin abinci, maza da mata a teburi guda. Wannan zama da kake gani kamar ba komai ba, yana da tarihi. Kafin 1819, akwai dokar da ake kira kapu. A ƙarƙashinta maza da mata ba sa cin abinci tare, kowa da ɗakin cinsa, kowa da murhunsa, kuma maza ne suke girki. An haramta wa mata naman alade da kwakwa da yawancin nau'o'in ayaba da wasu kifaye, kuma hukuncin wanda ya karya doka yana iya kaiwa ga kisa. A watan Mayu na 1819 Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran ƙarƙashin sarauta guda, ya rasu. Ɗansa Liholiho ya gaje shi. Mata biyu suka matsa masa lamba: mahaifiyarsa Keopuolani, da Ka'ahumanu, mowar mahaifinsa. Bayan kimanin wata shida, a wata walima a garin Kailua, sabon sarki ya tashi a bainar jama'a ya je ya zauna cikin mata ya ci abinci. Da wannan zama guda tsohuwar dokar ta rushe.

Walimomin sarakunan da suka biyo baya sun kai maƙura wajen girma. A wadda Kamehameha na Uku ya shirya a 1847, an lissafa aladu 271, da manyan ƙoruka 482 na dakakkiyar gwaza, da kwakwa 2,245. A da, sunan irin wannan taro aha'aina ko pa'ina. Kalmar lu'au asalinta sunan ɗanyen ganyen gwaza ne, wanda ake dafawa da madarar kwakwa da kaza ko naman teku. Saboda ba a rasa wannan miya a wurin biki, sai a hankali, wajen tsakiyar ƙarni na 19, sunanta ya koma sunan bikin gaba ɗaya.

Tun da mun ambaci gwaza, bari mu tsaya a kanta, domin ita ce zuciyar walimar. Gwazar nan da muka sani, wadda wasu ke kira makani, ita suke kira kalo. Ana turara ta, a ɓare, a ɗora a kan faffaɗan katako, a riƙa kirɓawa da dutsen hannu ana yayyafa ruwa, har ta yi santsi da danƙo. Wannan shi ne poi. Launinsa tsakanin toka da shuni. Ranar da aka kirɓa shi ɗanɗanonsa salam yake, bayan kwana biyu ko uku ya fara tsami, kuma da yawa daga masu gida sun fi son mai tsamin. Da yatsa ake sha, har kaurinsa ma da yatsa suke aunawa: mai yatsa ɗaya shi ne mai kauri, mai yatsa uku shi ne mai ruwa-ruwa. Ba a cin poi shi kaɗai, kamar yadda ba a cin tuwo gaya. Da kifi mai gishiri ko nama ake haɗa shi.

A nan ne baƙi da yawa suke yin kuskuren da ke sosa ran masu gida. Mutum ya lasa, ya yamutsa fuska, ya yi dariya, ya ture ƙoƙon. Da ya san matsayin poi, da bai yi ba. A labarin asalinsu, ɗan farin kakanninsu ya zo babu rai, aka binne shi, daga kabarinsa gwaza ta tsiro. Ɗa na biyu, mai suna Haloa, shi ne kakan mutanen Hawai'i. Saboda haka a wurinsu gwaza wa ce ga ɗan Adam: wa yana ciyar da ƙane, ƙane yana kula da wa. Daga nan al'adar nan ta samo asali, cewa muddin ƙwaryar poi tana buɗe a tsakiyar iyali, ba a faɗa, ba a gardama, ba a ɗaga murya, domin ba a rashin kunya a gaban babba. Ba sai ka yarda da labarin ba kafin ka girmama masu shi. Idan poi bai yi maka ba, ka ajiye shi shiru.

Sauran abincin kuma kowanne da labarin zuwansa. Akwai poke, ɗanyen kifi da aka yayyanka aka sa masa gishiri da ciyawar teku. Akwai laulau, nama da kifi a ƙunshe cikin ganyen gwaza. Akwai haupia, madarar kwakwa da aka dafa ta daskare aka yanka gida-gida. Akwai lomi lomi, kifin salmon mai gishiri da aka murtsuke da tumatir da albasa, alhali ba a kama salmon a ruwan Hawai'i. Jiragen ruwan fatake ne suka kawo shi a ƙarni na 19. Akwai kaza da siririyar taliya, wadda ta zo tare da 'yan ƙwadagon Sin da aka kawo aikin gonakin rake. Farantin lu'au yana ba da tarihin duk wanda ya taɓa sauka a tsibiran.

Yanzu ga 'yan uwa Musulmi, da duk wanda ba ya cin alade ko shan giya, ga abin kiyayewa. Matambayi ba ya ɓata. Tun lokacin yankan tikiti ka faɗa musu abin da ba ka ci, domin sun saba da irin wannan bukata. Naman kalua alade ne. Laulau daga waje ganye ne, amma galibi akwai alade a ciki. Soyayyar shinkafa ma akan sa mata gutsattsarin naman alade. Ka tambaya ko dankali da kifin a rami ɗaya aka dafa su da aladen. Kazar kuma ba lallai ne yankan Musulunci ba. Abin da ya rage maka yana da yawa: kifi, poi, 'ya'yan itatuwa irin su abarba da gwanda, da haupia. Sai abin sha. A wurare da yawa, tun daga ƙofa za a miƙo maka kofi mai launin ruwan lemo da yankin abarba a bakinsa. Sunansa mai tai, kuma giya ce mai ƙarfi a ciki. Ba ma abin gargajiyar Hawai'i ba ne, a Kalifoniya aka ƙirƙire shi. Ka ce a ba ka ruwan 'ya'yan itace zalla. Akwai kuma wurin da ba a sayar da giya sam, wato Cibiyar Al'adun Folinesiya da ke garin La'ie a tsibirin O'ahu, wadda cocin Mormon ta buɗe a 1963, kuma yawancin ma'aikatanta ɗaliban jami'ar da ke maƙwabtaka da ita ne. A can ma ana dafa alade, saboda haka tambayar abinci tana nan. Sannan ka tuna Magariba za ta riske ka a tsakiyar taron. Ka tafi da alwalarka, ka nemi gefe mai tsabta.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna tsibiran Hawai'i ne, a walimar da ake kira lu'au. An ci an sha, duhu ya shigo, an kunna fitilun kan sanda, yanzu hankali ya koma kan dandamali.

Ba da kiɗa ake farawa ba. Murya guda za ka ji, ta namiji ko ta mace, tana rera oli, wani dogon kirari mai rawar murya. Sai gangar pahu ta amsa, wadda ake sassaƙawa daga kututturen bishiyar kwakwa a rufe bakinta da fatar kifin shak. Sai ipu, gorar duma da ake bugawa da tafin hannu ana dukan ƙasa da gindinta. Masu rawa su shigo, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, fuska babu wasa. Wannan ita ce hula kahiko, tsohuwar hula. Kafin zuwan 'yan mishan a 1820, mutanen Hawai'i ba su da rubutu. Salsalar sarakuna, tarihin yaƙe-yaƙe, sunayen iskoki da ruwan sama na kowane kwari, duk a cikin waƙa da rawa aka adana su. Waƙarsu ta asalin halitta, Kumulipo, ta haura layi 2,000, kuma da ka aka riƙe ta. Saboda haka idan mai rawa ta ɗaga hannu tana saukowa da yatsu suna kaɗawa, ruwan sama take faɗa. Idan ta miƙa hannu tana lanƙwasa shi, igiyar teku ce. Kalmomin waƙar su ne gaba, jiki yana fassara su ne. Ana shekaru ana koyon wannan a makarantar da suke kira halau, ƙarƙashin malami da ake kira kumu hula.

Bayanta sai hula auana, ta zamani, mai taushi da murmushi, da jita da ƙaramar ukulele. Ita ma ukulele baƙuwa ce da ta zama 'yar gida: 'yan ci-rani daga tsibirin Madeira na Fotugal ne suka zo da kakarta a 1879.

Hular nan da kake kallo ta sha wuya kafin ta iso gare ka. A 1830, Ka'ahumanu, matar nan da ta taimaka aka rushe kapu, bayan ta karɓi addinin Kirista ta hana yin hula a bainar jama'a. Rawar ta koma ƙauyuka, ana koyar da ita a ɓoye. Sarki Kalakaua, wanda ya yi mulki daga 1874 zuwa 1891, shi ya dawo da ita fili, ya sa aka yi ta a bikin naɗinsa a 1883. A wannan tsakani cututtukan da baƙi suka kawo tun zuwan wani Bature, Kyaftin Cook, a 1778 sun yi wa al'ummar mummunar ɓarna. Daga dubban ɗaruruwa, kafin ƙarshen ƙarni na 19 sun koma kimanin 40,000. Ranar 17 ga Janairu, 1893, wasu attajirai, yawancinsu masu tushen Amurka, tare da goyon bayan jakadan Amurka da sojojin ruwan da aka sauke a Honolulu, suka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani. A 1895 aka tsare ta a wani ɗaki cikin fadarta ta Iolani. A 1896 aka kafa dokar da ta mayar da Turanci harshen koyarwa, aka riƙa hukunta yara idan sun yi harshen iyayensu a makaranta. A 1898 Amurka ta haɗe tsibiran. Kafin a kai shekarun 1980, yaran da suka tashi da harshen Hawai'i a baki 'yan ƙalilan ne.

Amma masu gida ba su sallama ba. A 1964 aka fara bikin tunawa da Sarki Kalakaua a garin Hilo, wanda ya zama gasar hula mafi daraja a duniya. A 1978 harshen Hawai'i ya zama harshen hukuma a jihar tare da Turanci. A 1984 wasu iyaye da malamai suka buɗe makarantar renon yara ta farko ta Punana Leo, inda ba a magana sai da harshen gida. A 1993, shekara 100 cif bayan juyin mulkin, majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin neman afuwa, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Don haka idan ka ji matashiya a kan dandamali tana rera oli da harshen kakanninta ba tare da tuntuɓe ba, ka san cewa wani ya yi gumi kafin kalmomin nan su dawo bakinta.

Daga nan wasan zai zagaya da kai sauran tsibirai, kuma yana da kyau ka iya bambance su, domin ba duk abin da aka yi a lu'au ne na Hawai'i ba. Idan ka ji kiɗa ya yi sauri kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, ana dukan ɓangaren itace mai rami, mata da dogayen huluna suna kaɗa ƙugu da sauri, wannan ote'a ce ta Tahiti. Idan ka ga maza suna dukan ƙirji da cinya, suna zare ido, suna fiddo harshe, wannan haka ce ta Maori, mutanen Niyu Zilan, wadda 'yan wasan zari-rugar ƙasar suka sanar da duniya. A nan ya kamata in faɗa wa mai tafiya da iyali gaskiya: shigar wasu raye-rayen, musamman na Tahiti, ba ta rufe jiki yadda muka saba. Ka bincika irin wasan da wurin yake yi kafin ka biya. Kuma idan aka zo gayyatar baƙi su hau dandamali su gwada rawa, ba dole ba ne. Murmushi da ɗan sunkuyar da kai sun isa amsa.

Abin da akan rufe da shi na Samowa ne. Za a kashe fitilu. Saurayi ya fito da wata doguwar wuƙa mai ƙugiya a baki, nifo oti, an naɗe bakinta da gindinta da tsumma an kunna wuta. Yana juya ta har ta zama zoben wuta guda, ya cilla ta sama ya cafe ta bayansa, ya kwanta ya ɗora wutar a tafin ƙafarsa. Daga inda kake zaune kana jin hucinta da ƙaurin mai. Asalin wasan juya makami ne na mayaƙan Samowa. Wutar kuwa wani ɗan Samowa, Freddie Letuli, ya ƙara ta a 1946 a birnin San Faransisko. Yaran da ke wannan wasa tun suna ƙanana suke koyo, kuma tabon ƙuna a hannuwansu shaida ne.

Idan an kunna fitilu, ka dubi fuskokin da suka yi maka hidima. Wasunsu ɗalibai ne, wasu sun yi wani aikin da rana kafin su zo nan. Hawai'i tana cikin wuraren da suka fi tsadar rayuwa a Amurka, har ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Hawai'i da ke zaune a sauran jihohi sun fi waɗanda suka rage a gida yawa. Garin Lahaina a tsibirin Maui, tsohon babban birnin masarautar, wanda ya shahara da lu'au, gobarar daji ta cinye yawancinsa ranar 8 ga Agusta, 2023, kimanin mutum 100 suka rasu. Mutanen da suke yi maka murmushi suna ɗauke da duk wannan.

Mu da muke ganin baƙi suna zuwa kallon Hawan Daushe a Kano, mun san baƙo iri biyu ne. Akwai wanda zai tambayi sunan sarautar da ke wucewa da ma'anar jafi, akwai wanda zai kutsa gaban doki don hoto. Mun san wanda muke so ya dawo. Su ma haka ne. Suna da kalma, kuleana, wadda take nufin haƙƙi da nauyi a haɗe: wanda aka ba wurin zama, an ɗora masa nauyin wurin. Kuleanar baƙo a lu'au ba ta da wuya. Idan ana oli ko addu'ar buɗe abinci, ka yi shiru ka ajiye waya. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum. Kada ka kwaikwayi rawarsu don ba'a. Ka ɗebi abin da za ka iya cinyewa. Idan da hali, ka zaɓi wurin da 'yan ƙasa suke da hannu a ciki, inda ake bayanin abin da ake yi. Kuma bayan an tashi, ka je ka gaida mai rawa, ka tambaye ta labarin da hannuwanta suka bayar. Yaba kyauta tukuici.

Kafin mu yi sallama, bari in kai ku wata lu'au da ba a yankan tikiti. A bayan gida ake yin ta, ko a filin unguwa, ƙarƙashin rumfa. Kawunnai sun kwana a bakin imu, gwaggwanni sun wuni suna ƙunsa laulau, wani ya kawo kifin da ya kamo, wani ya zo da ukulele. Ana yin ta don aure, ana yin ta don kammala karatu, amma wadda ta fi girma ita ce ta ranar da jariri ya cika shekara ɗaya. Dalili kuwa, a zamanin da cututtuka suke kwashe yara, wanda ya ga shekara guda abin a tara dangi ne a yi godiya. Har yau ba su bar wannan ba. Duk iyayen da suka taɓa kwana a kan yaro mara lafiya suna roƙon Allah ya kai shi gobe, sun san abin da ke cikin wannan walima. Daga wannan rumfa ta bayan gida aka ɗebo abin da ake nuna wa baƙo a bakin teku. Idan Allah ya kai ka, ka zauna kamar wanda aka buɗe ƙwaryar poi a gabansa.

A nan za mu dasa aya.  Allah ya raya mana zuri'a, ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.  

[Kiɗan rufe shiri]